WAI WA YA TURA SU CIKIN RUWA?

 Yau kam ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na kawo muku ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, in ban faɗe ta ba ba zan samu sukuni ba.

Kwanakin baya na je suna a unguwarmu, muna zaune a tsakar gida ana hira ana cin waina, sai zancen ɗan maƙwabciyata ya taso, yaron da ya bar gida yau shekara uku da niyyar tsallaka teku zuwa Turai ta Libiya, har yau babu shi babu labarinsa. Sai wata Hajiya ta taɓe baki tana gyara awarwaro ta ce, "To wa ya aike shi? Ai wanda ya kai kansa shi ya so." Ashe uwar yaron tana bayanta tana wanke kwanuka. Baiwar Allah nan ba ta ce uffan ba, ta goge hannu da gefen zaninta, ta ja mayafi ta fita. Wallahi tun ranar nake tambayar kaina, wai shin da gaske laifin yaron ne shi kaɗai?

Hajiya, in kina karanta wannan, zo mu yi lissafi. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa daga 2014 zuwa 2024 sama da mutum 30,000 suka mutu ko suka ɓace a tekun Bahar Rum. Duk waɗannan mahaukata ne? Duk kwaɗayi ne ya kai su? Haba dai! Ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu hannu a cikin wannan al'amari, kuma zan lissafa su ɗaya bayan ɗaya, har da mu kanmu.

Na farko su ne waɗanda suka ɓata mana ƙasar noma da ruwan kamun kifi. Tafkin Chadi, wanda mutanen Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suke ci a cikinsa, a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 sai ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Masana da dama sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana daga cikin abin da ya jawo wancan farin. Gaba ɗayanmu 'yan Afirka, hayaƙin da muke fitarwa mai ɗumama duniya bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma mu ne damina take yi wa gardama, bana fari baɗi ambaliya. A taron da aka yi a Kofanhegan a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, amma sai a 2022 suka ce sun cika, kuma mafi yawan kuɗin ma bashi ne. Kin taɓa jin wanda ya ƙona miki rumbu, sannan ya ranta miki hatsi da ruwa a kai?

Na biyu su ne masu tsaron bakin teku. Dokar teku ta wajabta wa duk jirgin da ya ga mutane suna nutsewa ya cece su, ba tare da ya tambayi fasfo ba. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa na Italiya, mutum 368 suka mutu. Kunya ta kama Italiya ta fito da jiragen sojan ruwanta suna ceto, cikin shekara guda suka tsamo sama da mutum 100,000. Sai aka ce wai ceton ne yake ƙara jawo baƙin haure, aka dakatar da shirin a ƙarshen 2014. To sun daina zuwa? Ina! A watan Afrilu 2015, jirgi guda ya nutse da kimanin mutum 800 a gabar Libiya.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Ranar 14 ga Yuni 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Libiya maƙare da mutane har kusan 750, yawancinsu 'yan Fakistan da Siriya da Masar, ya kife a kusa da Girka, alhali hukumomi sun san da shi tun jiyansa, kuma jirgin masu gadin tekun ƙasar yana kusa da shi. Mutum 104 kawai suka tsira, babu mace ko ɗaya a cikinsu, domin mata da ƙananan yara a can ƙasan jirgin aka zuba su. Kwana huɗu bayan haka, mutum biyar suka ɓace cikin wani ɗan ƙaramin jirgi mai nutso, wanda kujerarsa ɗaya dala 250,000 ce, sun je kallon ɓaraguzan jirgin Titanik. Nan da nan Amurka da Kanada da Faransa suka tura jiragen sama da na ruwa, duniya ta kwana tana jiran labari. Ban ce kada a neme su ba, rai duk rai ne. Amma don Allah ran talaka fa?

Na uku shugabanninmu ne. Yaro ya gama sakandare, wani har jami'a, ya yi shekara biyar yana zaman majalisa a bakin titi, babu aiki babu jari babu wutar da zai kunna injin walda. Ranar da gawar ɗan ƙasarka ta taso a bakin tekun wasu, kai ya kamata ka fara jin kunya kafin Bature. Kuma kada mu ɗauka abin na nesa ne. A cikin wannan wata na Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram, ba ma Turai suka nufa ba, Aljeriya za su neman abin sawa a bakin salati. Mata irinmu ne masu goyo a baya.

Na huɗu kuwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ne, mata. Mu ne masu gorin, "Ɗan wance ya aiko wa uwarsa kujerar Makka, kai kana nan kana cinye mini tuwo." Mu ne masu cewa akwatin lefe sai ya kai goma sha biyu. Ke budurwa, ke ce kika ce wa saurayinki ba za ki zauna a gidan haya ba. Wata ma da hannunta take sayar da sarƙarta ta miƙa wa dillalin da zai kai ɗanta Agadas, ba ta tambayi abin da ke gaban Agadas ba. To ga abin da ke gaba: a 2017 duniya ta ga hoton bidiyo ana gwanjon 'yan Afirka a Libiya, dala 400 kowane mutum, kamar raguna a kasuwar Wudil.

Na san ba mu da ikon hana masana'antun Turai hayaƙi, ba mu da jirgin ceto. Amma bakinmu a hannunmu yake. Uwargida, ki daina auna ɗanki da ɗan kishiyarki. In ya ce zai tafi, ki zaunar da shi ki faɗa masa waɗannan abubuwa da na lissafa. Kuɗin da za ki ba dillali ki ba shi ya ja jari. 'Yanmata, ku sassauta. In 'yan siyasa sun zo da atamfa da sabulu, ku tambaye su ina aikin da 'ya'yanmu za su yi.

Ke kuma Hajiya mai awarwaro, maƙwabciyata har yau in waya ta yi ƙara da lambar da ba ta sani ba, jikinta rawa yake kafin ta ɗauka. Ki je ki ba ta haƙuri.

Allah Ya bayyana mata ɗanta, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya sa mu gane, amin.