Tsohuwar Kwamfutar Zara

Da a ce a shekarar 2003 wani masanin kwamfuta ya leƙa bayan teburin karɓar kuɗi a kantin tufafi na Zara, da ya riƙe baki. Na'urorin da ake buga ciniki a kansu da DOS suke aiki, tsohuwar manhajar da ita kanta Microsoft ta riga ta yi watsi da ita. Na'urorin kanti ɗaya ma ba a haɗe suke da juna ba. In an rufe kanti, ma'aikaci ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwashe lissafi a faifan floppy, ya kai wa wadda ke da layin waya, ita kuma ta tura cinikin ranar zuwa hedkwata. Idan mai saye bai samu riga daidai jikinsa ba, sai dai a buga wa wani reshen waya a tambaya. Duk da haka kamfanin yana ta buɗe rassa ƙasa bayan ƙasa, yana cin riba. Abin ya ɗaure kai har Andrew McAfee na makarantar kasuwanci ta Harvard ya rubuta nazari a kansa, aka riƙa koyar da ɗalibai da shi.

Amancio Ortega, wanda ya fara da aikin ɗan aike a shagon riguna, shi ya buɗe kantin Zara na farko a 1975 a birnin Koruna na yankin Galisiya, arewa maso yammacin Sifen. Abin da ya fi tsoro shi ne abin da kowane mai sayar da sutura yake tsoro: kwantai. Al'adar manyan kamfanonin tufafi ita ce su zana kayan bazara tun watanni da yawa kafin bazarar ta zo, su ba da odar ɗinki mai ɗimbin yawa a Asiya inda ladan tela ke da araha, sannan su zauna jiran sa'a. Yayi ya juya, sai karya farashi. Ortega ya ƙi wannan caca. Ya ce a ɗinka kaɗan, a kusa da gida, a kai kanti a ga abin da mutane suka ɗauka, sannan a ƙara. Ɗinki a Sifen da Fotugal da Maroko ya fi tsada, ya sani, amma yana ganin asarar kwantai ta fi.

Tsarin nan kuwa ba ya tafiya sai labari yana saurin isa daga kanti zuwa wurin mai yanka. To, a nan aka zuba hankali. A wancan lokacin, manajan kowane kanti yana da 'yar na'urar hannu da ke nuna masa kayan da ke akwai a rumbu, ya zagaya kantinsa ya ga abin da ya ƙare, ya tura oda sau biyu a mako, a kan lokacin da aka yanka masa. Abin da lissafi ba ya nunawa kuma da baki ake faɗa. Manaja zai kira hedkwata a Arteixo ya ce mata suna gwada siket ɗin nan suna ajiyewa, wai ya cika tsawo, ko kuma ana ta tambayar launin da babu. Mai ɗaukar wayar a zaure ɗaya yake zaune da masu zana kayan, magana ba ta kwana. Yadi mai yawa ma ba a rine ake sayensa ba, don a bar zancen launi sai an ji daga kasuwa. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa su yanka, ƙananan shagunan ɗinki su haɗa, a goge, a liƙa farashi, a loda. Cikin makonni kaɗan sabon samfuri ya rataya a kanti.

Ba jahilci ba ne ya sa suka ci gaba da amfani da DOS. José María Castellano, wanda ya daɗe yana jan ragamar kamfanin tare da Ortega, daga fannin kwamfuta ya fito. Sun dai ga na'urar tana yin ɗan aikin da aka ɗora mata, ba ta lalacewa, kuma sabon kanti zai iya kunna ta ba tare da an turo injiniya ba. A 2003 ɗin nan Nicholas Carr ya tayar da ƙura a mujallar Harvard Business Review da hujjar cewa fasahar da kowa zai iya saye ba ta fifita kowa a kan kowa. A ganina Zara ta gaskata rabin maganarsa ne kawai. Na'urorinta kowa zai iya saye, har waɗanda suka fi su. Abin da ya gagari abokan hamayya shi ne masana'antar da ke kusa, da rumbun, da amanar da aka ba manaja ya zaɓi kayan kantinsa da kansa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sa manhajar lissafi a shago, amma har yanzu ba ya tambayar yaran shagonsa wace atamfa aka nema aka rasa kafin ya tafi sari, bai sayi komai ba sai sabon littafin bashi.

Da buƙata ta sauya, Zara ta buɗe bakin jaka. A 2010 ta fara sayarwa ta intanet, kuma daga nan rashin sanin takamaiman inda kowace riga take ya zama asara. Daga 2014 ta baza fasahar RFID mai bin sawun kowace riga a kantunanta, aka saka ɗan guntun abin bin sawun cikin maƙalin hana sata da ake cirewa wurin biyan kuɗi, a mayar da shi a sake amfani da shi.

Salon yana da masu suka, kuma suna da hujja: suturar da ake sauyawa duk mako tana ƙarewa a juji, wata a dilar gwanjo. Ga shi kuma an samu wanda ya fi ta gaggawa. Shein, wadda aka kafa a ƙasar Sin, ta ɗauki dabarar ɗinka kaɗan a gwada, ta cire kanti da manajansa daga lissafi, tana karanta yayi kai tsaye daga abin da masu saye ke latsawa a wayoyinsu, tana tura oda ga ƙananan masana'antun Guangzhou.