Takarda marar suna ba ta kare ɗan kasuwa daga kotu

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yi magana a kanta. Mai garaji, ko mai gidan burodi, ko mai shago, sai maƙwabta su dame shi da ruwan wanki ko shara a ƙofar sana'arsa. Maimakon ya je su yi magana ido da ido, sai ya buga takarda babu suna babu sa hannu, ya ba yaro ya tura ƙarƙashin ƙofofi da dare.

Kukansa zai iya zama gaskiya. Amma mu a ganinmu hanyar nan ta fi ruwan wankin haɗari.

Na farko, wanda ya ɓoye sunansa bakinsa ba ya da linzami. Daga maganar shara sai a koma «gidan wane ana saida ƙwaya», «ɗan wance ɓarawo ne». Idan takardar ta shiga hannun mutane da yawa, zance ya zama ɓata suna, kuma wanda aka ɓata yana da damar neman diyya. Idan a ciki an ce «za ka ga abin da zai same ka», an shiga barazana. Dokar hukunta laifuka ta Nijar tana hukunta rubutacciyar barazana, ko da sa hannu ko babu. Idan kuma aka aika zargin ƙarya zuwa kwamisariya, wannan ma laifi ne na daban.

Na biyu, yanzu takarda ba ta tsayawa a takarda. Sai a ɗauki hotonta a zuba a gurup ɗin WhatsApp na unguwa. Ku tuna da dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna, amma a watan Yunin 2024 an maido shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Wane shago ne zai ɗauki wannan ya tashi?

Na uku, wa ya ce ba za a gane ka ba? Yaron da ka aika yana da baki. Mai fotokofi ya ga fuskarka. Layin wayarka da katin ɗan ƙasa aka yi masa rajista. Kuma duk unguwa ta san wa ruwan yake damu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gano, ko ba a je kotu ba, waɗanda ka zaga su ne masu sayen burodinka kowace safiya.

To mene ne mafita? Ka fara da sallama a ƙofar maƙwabci. In bai ji ba, ga mai unguwa, ga liman. In abin ya ƙi, ka rubuta wa ma'aikatar magajin gari da sunanka da sa hannunka, ka faɗi abin da ka gani kawai, da rana da wuri, ban da zagi, ban da zato. Takarda mai suna hujja ce gare ka gobe a gaban alƙali.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.