Tsutsar da ke hanta da wadda ke ɓoye a tsire



Kwanakin baya na shiga wata kasuwa a nan Legas sayen kayan miya, sai na tarar da wata baiwar Allah tana ta zazzaga wa wani mahauci faɗa. Hanta ta saya, da ya tsaga mata sai ga waɗansu abubuwa masu faɗi kamar ƙananan ganye suna motsi a ciki. Ta ce wallahi so yake ya kashe mata 'ya'ya. Dattijon bai tanka ba, ya karɓi hantarsa ya mayar mata da kuɗinta. Ba ta yi taku ashirin ba ta tsaya wajen mai tsire, ta ce ya naɗe mata, kuma sauri take yi. Ya ɗauko tsinken da bai daɗe da hawa wuta ba, ya juya shi sau biyu, ya barbaɗa yaji, ta karɓa ta kama gabanta.

Ta yi daidai da ta mayar da hantar, domin ba wanda zai ba da kuɗinsa a ba shi ruɓaɓɓen kaya. Amma da za ka tambayi likitan dabbobi wanne ne cikin biyun zai iya sa wa 'ya'yanta tsutsa, tsiren zai nuna maka.

Wadda ta gani ita ce tsutsar hanta, masana na kiranta Fasciola. Irin wadda ke ƙasar nan takan kai tsawon ɗan yatsa. Tana zaune a hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi cikin hantar saniya ko tunkiya, tana zuba ƙwai, ƙwan ya fita cikin kashi. In ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi na bakin fadama ya shige jikinsa, ya hayayyafa a can, sannan ya fito ya manne wa ciyawa yana jiran bakin da zai ci. Ba a san wannan zagaye ba sai bayan da cutar ta kashe miliyoyin tumaki a Ingila tsakanin 1879 da 1880, aka sa wani matashin masani mai suna Thomas ya bi diddigi. Shi da wani Bajamushe, Leuckart, kowa a ƙasarsa, suka gano cewa dodon koɗi ne gadar da tsutsar ke bi.

To ka lura, mai karatu, da inda ɗan Adam yake shigowa. Hanyar da saniya ta bi ta kamu, ita mutum zai bi: ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwan da dabbobi ke shiga, ko shan ruwan kansa. Dafaffiyar hanta ba ta ba da wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da ita a ƙasashe sama da 70. Saboda haka uwargida, in kina tsoron tsutsar hanta, latas ɗin da aka noma a lambun bakin rafi shi ya fi cancantar ki tsaya ki wanke ganye-ganye da ruwa mai tsabta kafin ki yanka.

Ita kuwa wadda ke tsire ba ta motsi balle a gan ta. Wani ɗan ƙullutu ne fari, bai fi ƙwayar shinkafa ko ƙaramin wake ba, yana kwance a tsakiyar tsokar saniya. Ya fi son naman muƙamuƙi da harshe da zuciya, shi ya sa in ka je babbar mayanka irin ta Oko-Oba da ke Agege za ka ga mai duba nama yana tsaga waɗannan wurare da wuƙa. Idan mutum ya haɗiye ƙullutun da ransa, sai kan tsutsar ya fito ya kama bangon hanji. Cikin wata biyu zuwa uku ta zama tsila, wadda kan kai mita 5, wani lokaci har 10. Sau da yawa ba ta yin wani ciwo na a-zo-a-gani, sai ɗan murɗar ciki da tashin zuciya. Abin da ke tona mata asiri shi ne gutsattsarinta masu faɗi da ke fitowa cikin bayan gida, ko su rarrafo da kansu a gan su a wando. Manya da yawa kan shekara da wannan abu suna jin nauyin faɗa wa kowa, alhali maganinta a asibiti sha ɗaya ne.

Wani abin da binciken ya nuna, wanda ba ma son ji, shi ne daga wajenmu saniyar take ɗauka. Babbar tsilar nan ba ta rayuwa a hanjin kowace halitta sai ɗan Adam. Mutum ɗaya mai ɗauke da ita ya tsuguna a makiyaya ko bayan kara, ruwan sama ya watsa ƙwan cikin ciyawa, shanu su ci, naman ya dawo mana a faranti. Duk lokacin da mai duba nama ya ga ƙullutu a zuciyar sa, labarin rashin makewayi a wani ƙauye ko wata kasuwar shanu yake karantawa.

Wuta ce maganin abin. Naman da ya dahu har tsakiyarsa, babu ja babu ruwan jini, ƙullutun cikinsa ya mutu. Yaji da gishiri da lemun tsami ba sa yi masa komai. Sanyi ma yana kashe shi, amma sai naman ya yi kwana 10 a daskare tamkar dutse ba tare da ya narke ba, kuma da irin wutar lantarkinmu ban ga gidan da zai yi wannan alkawari ba. Ni dai na fi amincewa da balangun da ya jima a kan wuta a kan tsiren da aka yi wa mai sauri. In za ka saya wa yara, ka tsaya a mayar da shi wuta a gabanka, ka tsaga yanka mafi kauri ka duba.

Ta ukun ita ce ta fi damuna, domin da hannunmu muke ciyar da ita. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ko akuyar suna ya san akan ga wata ƙunshiya mai ruwa garau, kamar an ɗaure ruwa a farar leda. Wata tana rataye a jikin kitsen ciki, wata kuma tana binne a cikin huhu ko hanta. Abin da aka saba shi ne a yanke wurin a wurga bayan katanga ko cikin kwata. Mu ba mu ci ba, mun huta. Amma karen unguwa zai ci, kuma abin da tsutsar ke jira ke nan. Duk waɗannan ƙunshiyoyi 'ya'yan tsilar kare ne. Ta jikin kitse ba ta cika damun mutum ba. Ta cikin huhu da hanta, wadda ake kira Echinococcus, ita ce mai haɗari. A hanjin kare takan zama 'yar mitsitsiyar tsila da ba ta kai rabin farce ba, karen ba ya ko nuna alamar ciwo, amma yana yin kashi da ƙwanta a inda yara ke wasan ƙasa, ƙwan yana manne wa gashinsa. Yaron da ya kai hannu baki ya haɗiye, ƙunshiyar da ka gani a huhun rago ita za ta fara tsirowa a hantarsa ko huhunsa. A hankali take girma, shekaru, har sai ta fara danne abin da ke kusa da ita. A lokacin kuwa sai dai tiyata ko shan magani na watanni.

An daɗe da sanin yankin Turkana da ke arewacin Kenya a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da cutar ta fi yi wa mutane yawa, saboda yadda makiyayan wurin ke zama da karnukansu. A nan gida ma masu bincike sun sha samun ƙunshiyar a mayankun Arewa, musamman a huhun raƙuma. Za ka ce ai kai ba ka kiwon kare. Gaskiya ne, amma a Legas ko Ibadan ko Fatakwal maƙwabcinka yana yi, kuma karen gadi ba ya tambayar gidan wa aka yi yanka. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne abin, ko ka ƙona shi. Mafarauta ma su ji, domin al'adar jefa wa kare ɗanyen kayan cikin abin da ya kamo ita ce ƙofar da tsutsar daji ke bi ta shigo gari. A gandun dajin Uganda da Kenya masana kan tsinci kashin zaki da na kura suna dubawa, kuma sun tabbatar akwai wani nau'in wannan tsila da ke zagayawa tsakanin zaki da namun da yake ci. Abin da suke son sani shi ne ko tana tsallakowa zuwa garken makiyayan da ke kewaye.

Idan kana ganin wannan aiki na ɓata lokaci ne, ka dubi labarin kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da ita a Afirka da Asiya. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Da tace ruwa da gina rijiyoyi, da ƙoƙarin Cibiyar Carter da mutane irin su Janar Yakubu Gowon, aka ga mutum na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, aka ba mu shaidar rabuwa da ita a 2013. Kowa na ganin an kusa gamawa da ita a duniya, sai a 2012 aka fara ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin Kogin Shari a Chadi. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ita ce dai ta mutane. A 2019 karnukan da aka samu da ita a Chadi sun doshi 2,000. Masu binciken sun fi zargin kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa karnuka na ci, da kuma kwaɗi. An same ta a jikin kyanwa, an same ta a jikin birai na daji a yankin Gambela na Habasha, haka nan a karnukan arewacin Kamaru kusa da iyakar Chadi. A 2023 mutanen da suka kamu a duk duniya ba su kai 20 ba, amma muddin kare na shiga tafki da tsutsa a ƙafarsa ba a gama ba. Matakin da ake ɗauka a can shi ne a binne kayan cikin kifi, a ɗaure karen da ya kamu har tsutsar ta gama fita.

Sai batun rago ko akuyar da ke ɗaure a bayan gidanka. Babbar abokiyar gabarta wata siririyar tsutsa ce mai shan jini a ɓangaren ƙarshe na tumbi, mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a rana. Ta fi ƙarfi da damina, kuma a Kudu damina doguwa ce. Ba ta kama mutum, aljihunsa take kamawa. Dabbar ta rame, ta yi sanyi, ƙasan haɓarta ya kumbura. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu sun fito da wata dabara mai suna FAMACHA: a ja fatar ƙasan ido a duba launinta. In ja ce jini na nan, in ta yi fari-fari dabbar na buƙatar magani. Dalilin dabarar shi ne ɗura wa kowace dabba magani kowane lokaci, ko ba da rabin awo don a yi tsimi, ya sa tsutsotsin ƙasashe da yawa sun daina jin magani. Ka nemi ma'aikacin dabbobi ya auna maka gwargwadon nauyin dabbar. Ka kuma karanta kwalbar, domin kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, wani mako biyu, wani ya haura wata. Masu yi wa rago allura ana saura kwana uku Sallah don ya yi kyan gani, iyalinsu suke ciyarwa da ragowar maganin.

Wani abin sha'awa shi ne yawancin magungunan tsutsa da ake raba wa 'ya'yanmu a makaranta daga wajen dabbobi suka faro. Albendazole na tumaki da shanu ne tun farko. Ivermectin kuwa daga ƙasar da Satoshi Omura ya ɗebo a Japan aka samo asalinsa, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gwada shi, ya shiga kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi, sannan daga 1987 aka fara raba shi kyauta don cutar makanta ta bakin kogi, wadda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da ita. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai kada wannan ya sa wani ya gutsiri ƙwayar maganin sa ya ba yaro. Awon ba ɗaya ba ne, kuma abin da aka haɗa na dabba da shi ba a gwada shi a jikin mutum ba.

Wanda ya ga gutsattsarin nan a bayan gidansa ko na ɗansa, ya sa ɗaya a kwalba mai murfi ya tafi da shi asibiti, domin ganinsa zai taimaka wa likita ya san irin tsutsar da maganin da ya dace da ita.