Faɗuwar Churchill da Makomar PDP a Ƙasar Haɗeja

A watan Yulin 1945 mutanen Birtaniya suka juya wa Winston Churchill baya, wata biyu kacal bayan ya jagorance su sun ga bayan Hitila. Jam'iyyarsa ta Conservative, ta masu ra'ayin mazan jiya, ta tashi da kujeru 197, Leba ta kwashe 393. Shekara shida bayan nan, a 1951, 'yan Conservative suka koma kan mulki. Abin da suka yi a tsakanin nan ya cancanci 'yan PDP na Haɗeja, Auyo, Guri da Kirikasamma su zauna su dube shi da idon basira.

Na san za a ce PDP ta Jigawa ba ta mazan jiya ba ce, tunda jagoranta Sule Lamido a gidan Malam Aminu Kano ya koyi siyasa, kuma alawus ɗin naira 7,000 da ya riƙa biyan naƙasassu duk wata lokacin yana gwamna daga can ya samo asali. Gaskiya ne. Amma halin da take ciki iri ɗaya ne: jam'iyyar da ta saba da mulki ta wayi gari a waje. Ɗan takararta na gwamna Aminu Ibrahim Ringim ya sha kaye a hannun Badaru Abubakar na APC a 2015 da 2019. A 2023 Umar Namadi na APC, ɗan Kafin Hausa a masarautar Haɗeja, ya samu ƙuri'a 618,449, Mustapha Sule Lamido na PDP 368,726. Makonni uku kafin nan, a zaɓen shugaban ƙasa, tazarar Tinubu da Atiku a jihar ba ta kai dubu arba'in ba. Wato jam'iyyar tana da jama'a. Dalilin da zai sa su sake ba ta jihar ne ta kasa kawowa.

Abu na farko da 'yan Conservative suka taɓa shi ne kuɗin takara. Kafin yaƙi, mai neman tikiti a mazaɓar da jam'iyya ke da ƙarfi yakan yi alkawarin ɗaukar nauyin kamfe da ofishin mazaɓa daga aljihunsa, don haka attajirai ne ke cika majalisa. Kwamitin David Maxwell Fyfe ya soke wannan a ƙarshen shekarun 1940: ɗan takara ba zai ba jam'iyya fiye da fam 25 a shekara ba, ɗan majalisa fam 50. Dole reshen kowace mazaɓa ya fita neman kuɗi gida-gida, kuma wanda ya ba da sisinsa sai ya ji jam'iyyar tasa ce. Lord Woolton, shugaban jam'iyyar daga 1946, ya tara mambobi har suka haura miliyan biyu. A wannan zamani ne Edward Heath, ɗan kafinta, ya shiga majalisa a 1950.

A nan kuwa fom ɗin takarar gwamna na PDP a 2022 naira miliyan 21 ne, na sanata miliyan uku da rabi, ban da abin da ake ba daliget a daren zaɓen fidda gwani. Malamin makarantar da ya san kowane lungu na Baturiya, ko shugaban ƙungiyar manoman shinkafa da jama'a ke jin maganarsa, ina zai samo wannan? Sai ya nemi ubangida, ubangida kuwa shi za a biya bashi idan an ci.

Abu na biyu ya fi shafar mu. Rab Butler ya tara matasa a sashen binciken jam'iyya, a 1947 suka fitar da takardar manufa da ta amince da yawancin abin da jama'a suka zaɓi Leba dominsa, ba su tsaya zagin masu zaɓe ba. Sannan a babban taronsu na 1950 wakilai suka matsa wa shugabanni sai da aka yi alkawarin gina gidaje 300,000 duk shekara, domin bama-baman Jamus sun bar iyalai birjik ba muhalli. Alkawari ne da kowa zai iya ƙirgawa. Harold Macmillan ya cika shi a 1953.

Ƙasar Haɗeja ba ta rasa irin wannan magana ba, ruwa ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Je ka fadamar Guri ka ga magidanta tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙirji, da lauje a hannu, suna yankan ciyawar da ta fi su tsayi, wadda za ta sake tohowa kafin damina ta zagayo. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, da asuba su sauka kan shinkafar da ta fara nuna, yara na kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe. Wani gari ruwa ya ci gona, na gaba da shi kuma ɗigo bai isa ba. A 2020 da 2022 matasan Haɗeja sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogi ya shigo gari.

Gwamnatin APC ba ta naɗe hannu ba: an kawo injinan yashe kogi, kuma Buhari ya buɗe aikin noman rani na Auyo a Janairun 2023. Saboda haka cewa "ba su yi komai ba" ba zai shiga kunnen manomi ba. Abin da zai shiga shi ne a ce masa kilomita kaza za a yashe duk shekara, daga ina zuwa ina, da kuɗi nawa, kuma yaya za a zauna da hukumar Haɗeja-Jama'are a kan lokacin sakin ruwan Tiga. Wannan aikin watanni ne na zama da sarakunan ruwa, masunta, Fulani makiyaya da injiniyoyi, kuma ɗan adawa ya fi mai mulki lokacin yin sa.

'Yan Conservative ɗin ma ba kullum suke tuna darasinsu ba. Bayan kayen 1997, da suka koma kujeru 165, sun shagala da rigimar Turai da sauya shugabanni, sai da suka shekara 13 a waje. A 2024 suka faɗi zuwa 121, suka miƙa ragama ga Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas. PDP ta ƙasa ta kama wannan hanya ta biyu tun bayan 2023, daga rikicin kujerar sakatare zuwa zaryar kotu. Reshen ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja ba ya buƙatar izinin Abuja kafin ya buɗe rajistar mambobi masu biyan kuɗi a kowace mazaɓa, ya kuma rubuta abin da zai yi da kachala.