Me Za Mu Kai Wa Mai Ciwon Suga?

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, ya san ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wani ya riƙo kwalbar lemo, wata ta damo fura ta zuba mata suga son ranta. Niyya mai kyau ce, ba mu musa ba. To amma in mai ciwon suga ne ke kwance, an ƙara masa cuta ke nan.

Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 9. Gero da dawa kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 nasu sitaci ne, wanda jiki ke mayarwa suga. Saboda haka kunu ko da ba a sa masa komai ba, ba a sakar wa mai wannan ciwo kwarya guda. Masu cewa zuma da dabino ba su da laifi tunda ba daga kanti suka fito ba, su sani jini bai san wannan bambanci ba. Kunun aya ma, yadda ake markaɗa shi da dabino, a bi shi a hankali.

Shi nono ba shi ne babban mai laifi ba, furar da sugan ne. Sai dai da rani yakan yi tsada, wasu kuma yana kumbura musu ciki. Abin da zai maye gurbinsa yana nan cikin rumbunanmu: gyaɗa, riɗi da waken suya. Sitacin gyaɗa bai kai rubu'in na gero ba, ga ta da riƙe ciki.

A jiƙa gyaɗa cikin hannu ɗaya, a cire mata ɓawo, a markaɗa ko a kirɓa a turmi, a ƙara ruwa a tafasa. In ta huce a haɗa da kokwamba, da ɗan garin zogale, da cokali ɗaya na garin ƙwallon kuka don tsami. Citta da kanumfari su ne za su sa a manta da rashin zaƙi. Kada a tace ƙwarai, domin dusar nan ita ke rage wa suga gudu wajen shiga jini. Waken suya sai ya dahu sosai, gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, tana lahanta hanta. A sha a ranar, tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce.

Wannan abinci ne, ba magani ba. Tun da aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, babu wani kunu da ya maye gurbinsa. Wanda ke shan ƙwaya ko yin allura ya shaida wa likita kafin ya rage sitaci, domin suga kan faɗi ƙasa da kima. In aka ga rawar jiki, da gumi, da jiri, a nan ne kwalbar lemon take da amfani, a ba shi nan take muddin yana iya haɗiya.

Muna roƙon zumuntar mata da duk masu zuwa dubiya, Kirista da Musulmi, su tambayi ciwon da ake jinya kafin su ɗora tukunya.