Ina Kika Koyi Hausa?

Shekara biyu ke nan, a ƙarshen damina, wani saurayi ma'aikacin asibiti ya kama hayar ciki da falo a sashen baya na gidana da ke Tudun Wadan Zariya, ya tare da amaryarsa mako guda bayan ɗaurin aure. Da ta zo gaishe ni washegari, ta durƙusa har ƙasa daga bakin ƙofar zaure, ta sunkuyar da kai, ta jero mini gaisuwa tun daga kwana da gajiya har zuwa iyali da sanyin raɓa, da irin Hausar nan ta ƙasar Katsina wadda na daɗe ban ji ta a bakin yaran zamani ba, sai bakina ya suɓuce, da yake an riga an gaya mini Kiristoci ne, na ce, "Yarinya, ke kuwa ina kika koyi Hausa haka?" Ba ta ɗago kai ba. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, a nono na sha ta. Can ƙasar Kafur aka binne cibiyata."

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa kafin in ajiye alli, ina kuma ɗaukar kaina mutumin da ya san ƙasarsa, amma ran nan na gane cewa jahilci yana da wani reshe da karatu ba ya sare shi, wato jahiltar wanda kuke shan ruwan rijiya ɗaya da shi. Abin da nake so in faɗa a wannan fili kuwa shi ne, mu Hausawa Musulmi, da yawanmu ba mu san 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci ba, musamman matansu, kuma rashin sanin nan tauye haƙƙin maƙwabtaka ne, ko da ba mu taɓa ɗaga wa kowa yatsa ba. Hujjata ba ta wuce abin da ido ya gani kunne ya ji a tsakar gida ɗaya ba.

Agogon yarinyar nan kiran assalatu ne. Lokacin da nake tsugune ina alwala a bakin rariya, sai in hangi hasken tocilan ta labulen tagarsu, in jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana rera wata waƙar sujada, daga nan ta karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, galibi daga Zabura, mijin ya rufe da addu'a idan ba ya aikin dare. Kafin in dawo daga masallaci kuwa har ta share tsakar gida duka, da nata gefen da namu, ta ɗora ruwan koko, ta jera bokitai a bakin famfo ko Allah zai sa ruwa ya zo. Tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi wadda albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, saboda haka da la'asar takan dafa zoɓo da kunun aya ta ƙulla a leda, ta jera a firjin uwargidana idan an kawo wuta, almajirai biyu su zaga da shi bakin titi. Har yau ban taɓa jin ta kira sunan mijinta ba, sai dai ta ce "shi" ko "maigidan", kuma ranar da surukarta ta zo daga ƙauye yini ta yi ba ta ci abinci a gabanta ba. Wannan kunya dai ita ce muke kuka da cewa ta ƙaura daga gidajenmu, ga ta nan daram a ɗakin da wasu maƙwabta suka so in hana haya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da takan aika wa mahaifiyarta kowace magariba. Tsohuwar ba ta da babbar waya, sai ƙanin yarinyar ne yake kunna mata saƙon murya ta WhatsApp idan ya dawo daga gona. Ita kuwa takan zauna a kan turmi a kife tana tsince shinkafa, wayar a kan cinya, ta yi ta zuba kamar uwar tana gabanta. Ban kasa kunne da gangan ba, Allah shi ne shaida, amma tsakar gidan haya ba ta riƙe sirri. Ga irin abin da nakan ji: "Inna, ina wuni, ya gona? Yau ma famfo bai zo ba, sai jarka biyu na saya wurin mai ruwa. Gas ya ƙare, na koma gawayi. Waken da kika aiko ya fara ƙwari, na shanya shi. Ki ce wa Baba ya daina wasa da maganinsa. Sauran kuwa Ubangiji ya sani, a ci gaba da yi mana addu'a." Da yake an janye tallafin man fetur tun watan Mayun 2023, rabin labarin nan farashi ne, na mudun masara da kuɗin Keke Napep da na kwalbar manja, amma ban taɓa jin ta rufe shi ba tare da godiya ga Allah ba, kuma godiyar ba ta yi kama da ta wanda ya haddace kalma yana maimaitawa ba. Malamanmu na tasawwufi sun yi dogon bayani a kan tawakkali da ƙana'a da yarda da ƙaddara, na kuwa karanta abin da ya sawwaƙa. Ban ce aƙidarmu ɗaya da ita ba, domin tsakanin tauhidinmu da abin da ta yi imani da shi game da Almasihu akwai saɓani na asali wanda ba ni da niyyar shafe shi da man shanu, ita ma ba za ta gode mini ba in na yi haka. Amma idan ɗabi'a ake magana, na ga ƙana'a tana tsince shinkafa a kan turmi.

Wanda duk ya saurari addu'arta zai ji kalmomin da ya sani tun yana makarantar allo: Allah, Ubangiji, zunubi, tuba, gafara, alheri, annabawa, mala'iku, har da zakka, wadda su a wurinsu ɗaya bisa goma ce ta abin da mutum ya samu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin garin da muke zaune. Dokta Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara yana kuma fassara, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, inda magina Hausawa suka gina majami'ar nan ta ƙasa mai bakan gizo irin na sorayen sarakuna, wadda take tsaye har yau. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, shekara bakwai kafin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Daga cikin jama'ar wannan mishan aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a kan babban asibitin nan na Kaduna. Daga cikinta aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Su kuwa mutanen amaryar tamu ta wata hanya suka biyo, domin kakanninta Maguzawa ne manoma, irin waɗanda suke warwatse a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Rogo da Sumaila, waɗanda mishan ɗin SIM ya isa gare su, har ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Maguzawa kuwa, in ana maganar asali, ai ba wanda zai nuna musu hanyar gidan Hausa.

Duk da haka, da ta je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma domin wani gurbin aikin koyarwa na gwamnati, magatakardan da ta tarar ya dubi sunanta, ya dubi kanta da ɗankwali ba mayafi, ya ce ta faɗi gaskiya daga wace jiha iyayenta suka zo. Sai da mahaifinta ya bar gona ya zo da takardar mai unguwa da ta dagaci kafin a sa hannu, lokacin kuwa an rufe karɓar takardu. Ta ce da uwargidana abin da ya fi mata ciwo shi ne, a wani taron coci da ta taɓa zuwa a Kudu ma sai da aka yi ta tambayarta yaushe ta bar Musulunci, domin su ma a ganinsu ba a haifar Bahaushe Kirista. Kowane ɓangare yana miƙa ta ga ɗayan. Kalmar nan ta "arna" kuwa, wadda yaranmu suke jifan masu zuwa coci da ita ran Lahadi ba tare da wani babba ya tsawata ba, ko a mizanin fiƙihu kuskure ce, domin malamai sun bambanta Ahlul Kitabi da masu bautar gumaka, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ma ta halatta mana abincinsu. Haka kuma malamai sun kasa maƙwabta gida uku, suka ce wanda ba Musulmi ba ne kuma ba dangi ba yana da haƙƙi guda tabbatacce, shi ne na maƙwabtaka. Ita da mijinta dai sun kiyaye namu fiye da yadda muka kiyaye nasu: ranar jajiberen Kirsimeti mijin ya kawo mini kaji biyu har zaure ya ce, "Baba, a taimaka a yanka mana," ba don bai iya riƙe wuƙa ba, sai don kada wani a gidana ya yi shakkar cin abin da za a aiko.

To, sai batun "sauran" da takan ce Ubangiji ya sani. Shekara biyu da aure, shiru. A nan ne na ga cewa al'adarmu ba ta tambayar addinin mace kafin ta ɗora mata laifi. Mu a wajenmu akan fara raɗe-raɗin kishiya. Su da yake coci ba ta yarda da mace ta biyu ba, sai nauyin duka ya taru a kan wuyan yarinya ɗaya, dangin miji suna aiko da saiwoyi da sassaƙe, wata gwaggo tana ba da labarin wani mai addu'a a wani gari wanda ba a zuwa wurinsa hannu rabbana, kowa yana duban cikinta kafin ya dubi fuskarta, ba kuwa wanda ya ce wa mijin, shi da yake aiki a asibiti, ya je a auna shi. Ta gaya wa uwargidana cewa labarin Hannatu uwar Sama'ila, wadda ta daɗe ba haihuwa tana kai kukanta ga Allah, shi ne ta fi karantawa, har takardar wurin ta yi laushi. Ina ganin girman wannan imani, amma ina tsoron yadda mu maza, na masallaci da na majami'a, muka iya yabon haƙurin mata domin ya hutar da mu daga tambayar kanmu.

Inda take samun sauƙi shi ne Zumuntar Mata. Ran Alhamis da yamma takan ɗaura zanen ankonsu ta tafi, su yi nazarin Littafi, su koyi sababbin waƙoƙi da tulu da kuge da caki, su yi adashi, su rarraba wa juna zuwa dubiya da barka da zaman makoki. Da zazzaɓi ya kwantar da ita bara, mata shida suka cika mini tsakar gida, wannan da tulun kunu, waccan da itace, wata tsohuwa a cikinsu ta wanke mata kaya tas ta shanya, suka yi addu'a suka tafi kafin magariba don kada su takura wa masu salla. Ko da yake ba zan ɓoye ba, yawan anko da gudummawar taro yana cin ribar zoɓon nan fiye da kima, kuma ya kamata shugabanninsu su dubi amaren da ba su tsaya da ƙafafunsu ba tukuna, kamar yadda ya kamata masu bikin namu su duba.

Ban roƙi kowa ya sassauta aƙidarsa ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: liman ya tsawata wa yaran unguwa a kan jifa da baƙar kalma, magatakarda ya san ƙauyukan ƙaramar hukumarsa kafin ya tuhumi mai neman takarda, mai gidan haya ya tambayi hali kafin ya tambayi suna, malamin makaranta kuma, irina, ya koya wa yara tarihin Wusasa kamar yadda yake koya musu na ganuwar Zazzau.

Cikin hunturun da ya wuce tari ya kama ni har na kwana uku ban fita masallaci ba. A rana ta uku, bayan na idar da magariba a ɗaki, sai na jiyo ta a kan turminta tana ba Inna labarin yini: an kawo wuta da rana, zoɓo ya ƙare da wuri, kazarta ta ƙyanƙyashe bakwai amma shaho ya ɗauki ɗaya. Can sai ta rage murya ta ce, "Baba mai gidanmu ma ba ya jin daɗi, na dafa masa citta da kanumfari na ba Hajiya ta kai masa. Inna, ku sa shi a addu'a, mutumin kirki ne." Kofin yana gefen buzuna, bai gama hucewa ba. Na ɗauka na shanye, na ci gaba da jan carbi har aka kira lisha.