Kafin a Ce "A Yi Mata Fomat": Sauya Bugun Windows Ba Tare da Share Na'ura Ba

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta ta tashi daga kayan ado a ofishin shugaban makaranta ta zama abin da makomar ɗalibi ta rataya a kai. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. Saboda haka makarantun sakandare na ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa har zuwa Bichi da Tsanyawa, kowace tana fafutukar mallakar 'yan na'urori, mafi yawansu na hannu, domin yara su saba da su kafin ranar jarrabawa. To amma tare da na'urorin nan wata kalma ta shigo, ta kuwa zauna daram a bakin malamai da masu gyara: fomat. Na'ura ta yi nauyi, a yi mata fomat. Ta ƙi buɗe wani abu, a yi mata fomat. Ana son a ɗaga ta daga Windows Home zuwa Windows Pro, nan ma fomat. Ra'ayina shi ne, a wannan na ƙarshe, fomat ɓarna ce tsagwaronta.

Bari mu fara da bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, watau wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Tana da tsara, tana kuma da bugu. Tsara ita ce kamar Windows 7 ta 2009, da Windows 10 ta 2015, da Windows 11 ta 2021. Bugu kuwa rabe-rabe ne a cikin tsara guda: Home na gida, Pro na ma'aikata, Education na makarantu, Enterprise na manyan kamfanoni. Mai karatu ya tuna da littafin lissafi da ke da bugun ɗalibai da bugun malamai. Darasi ɗaya ne, sai dai na malamin yana da amsoshi a baya. Wanda ke son ya san bugun da ke kan na'urarsa, sai ya rubuta winver a gurbin bincike, nan take za ta faɗa masa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin Microsoft ba ya gina kowane bugu daban daga tushe. Gini ɗaya ne mai ɗakuna da yawa, aka kulle waɗansu. Wannan kuwa tsohon zance ne. A shekarar 1996 wani masani mai suna Mark Russinovich ya nuna cewa abin da ke sa Windows NT 4.0 ta ɗauki kanta a matsayin ta tebur ko ta uwar garke bai wuce saiti biyu ba a cikin kundin rajistarta, alhali kuwa tazarar farashinsu ɗaruruwan daloli ce. Daga baya kamfanin da kansa ya mayar da abin hanyar ciniki, ya fito da tsarin Windows Anytime Upgrade a zamanin Vista da Windows 7, inda mutum zai biya kuɗi a buɗe masa ɗakunan da ke kulle. A Windows 10 da 11 abin ya ƙara sauƙi. Ana shiga Settings, a nemi Activation, a taɓa Change product key, sa'an nan a shigar da makullin Pro, wanda haruffa ne da lambobi 25 da aka kasa gida biyar. Na'ura za ta yi ɗan aiki, ta mutu ta tashi, shi ke nan ta zama Pro. Takardu da hotuna da manhajoji duk suna nan inda aka bar su.

Manomin wannan yanki ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ƙasa ce da jama'a suka yi yawa, gona ba ta hutawa, albarkarta kuwa tana cikin takin da aka yi shekara da shekaru ana zuba mata. Mai gona ba ya kwashe ƙasar sama ya zubar don kawai bana yana son ya ƙara wake a tsakanin geronsa. Haka na'urar makaranta take. Darajarta tana cikin abin da aka tara a kanta: sakamakon ɗalibai na zango-zango, da jadawalin darussa, da tambayoyin gwaji da malami ya ɓata dare yana bugawa, da manhajar koyon jarrabawa da aka biya kuɗi aka kunna, da 'yar manhajar nan da ke sa injin buga takardu ya yi aiki, wadda aka sha wuya kafin a samo ta. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Anya wanda ya miƙa na'urar makaranta a share ta ya san inda zai sayar da tasa tokar?

A lissafa kuma wahalar da ke biyo baya. Faifan girka Windows na yanzu ya haura gigabait 5, ban da sabuntawar da za ta biyo. A wurin da intanet sai an hau tudu, wutar lantarki kuma sai an ci sa'a ko an tayar da janareta, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Galibi sai a ɗauki na'urar a shiga mota zuwa birni, a kai ta shagunan titin Beirut ko makamantansu, a yi asarar kuɗin mota da yini guda ko biyu, yara kuwa suna zaune ba darasi.

Wani abin ban takaici ma shi ne, sau da yawa fomat ɗin ba ta biyan bukatar da aka yi ta dominta. Tun daga Windows 8 ta 2012, masu ƙera na'ura sun daina liƙa makulli a takarda a ƙarƙashinta, sun koma dasa shi a cikin ƙwaƙwalwar allon na'urar. Idan makullin da aka dasa na Home ne, to ko an share komai an soma girkawa daga farko, manhajar girkawa za ta karanta shi ta mayar da Home ɗin nan dai, ba tare da ta tambayi kowa ba. Daga nan ne waɗansu masu gyara ke komawa ga kwafin sata da 'yan manhajojin da ke yaudarar Windows ta zaci an biya. Irin wannan kunnawa ta bogi yawanci ta kwana 180 ce, sai an riƙa sabunta ta, kuma ba a san abin da aka cusa cikin manhajar da ke yin ta ba. Ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke samun ƙofa. An tafi neman ƙiba ke nan an samo rama.

Wannan dasasshen makulli yana da wani amfani da ya kamata malamai su sani. Da yawa daga na'urorin hannu da ake shigo da su, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, ma'aikatu ne suka yi amfani da su a ƙasashen waje, kuma akasari da Pro aka sayar da su. Yana yiwuwa wani ya ɗora Home a kai daga baya, alhali halattaccen makullin Pro yana kwance a ciki. Kafin a kashe ko kwabo, sai a buɗe PowerShell a rubuta:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | select OA3x*

Idan akwai makulli za ta nuna shi, tare da bayanin bugun da yake buɗewa.

Amma fa kada a ɗauka ina cewa kowace na'ura a mayar da ita Pro. Pro ba ta fi Home sauri ba ko da na ƙiftawar ido, duk wanda ya ce maka haka ciniki yake nema. Ɗalibin da ke buga rubutu da gwajin tambayoyi a gida, Home ta ishe shi. Inda Pro ke da rana shi ne ɗakin kwamfuta na makaranta. Da ita malami zai iya kafa dokoki a kan na'ura, alal misali ya hana a karanta filashin da aka soka mata, ko ya hana yara taɓa saiti. Zai iya kulle ta a kan manhaja guda tak, ta yadda mai gwajin jarrabawa ba zai zame ya koma kallon fim ba. Zai iya haɗa na'urori ashirin ƙarƙashin uwar garke ɗaya, ya sarrafa su daga kujerarsa. Akwai kuma BitLocker, mai rufe bayanai yadda ɓarawo ba zai iya karanta su ba. Sai dai wuƙa ce mai kaifi biyu, domin wanda ya ɓatar da lambobin ceto guda 48 da take bayarwa, shi ma ya rufe wa kansa ƙofa. Kuɗin ɗagawar kuwa ba kaɗan ba ne: an daɗe ana sayar da ita dala 99 a shagon Microsoft. A juya wannan zuwa naira, a auna shi da buhunan gero, za a ga dalilin da ya sa ya wajaba makaranta ta zauna ta tantance na'urorin da ke bukata. Makullan da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin katin waya, araha ce da ba ta ado, ana iya soke su kowane lokaci.

Masu gyara za su ce fomat tana wanke datti, na'ura ta dawo garau. Wani lokaci gaskiya ne, kuma akwai wuraren da babu makawa sai an yi ta. Hanyar makulli hawa take yi, ba ta sauka: daga Home zuwa Pro ana zuwa, amma kamfanin bai tanadi hanyar dawowa daga Pro zuwa Home ba sai da sabuwar girkawa. Haka nan ba a tashi daga Windows mai bit 32 zuwa mai bit 64 sai an share. Na'urar da cuta ta ci ƙarfinta ma, sauya mata bugu ba ya warkar da ita. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da maganin ƙarshe ya zama na farko, don kawai shi aka iya, ko don ya fi kawo kuɗin aiki.

Ko da hanyar makulli za a bi, akwai hattara. A kwafe muhimman takardu a filashi tukuna. A tabbata batir ya cika, ko kuwa akwai wutar sola ko janareta da zai kai ƙarshen aiki, domin yankewar wuta a tsakiyar sauyi na iya lalata abin da ake gudun lalatawa. A rubuta makullin a littafin kayan makaranta tare da lambar na'urar, kada ya zauna a wayar malami ɗaya wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki.

Saura magana guda da ta fi duk waɗannan nauyi. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10, Home da Pro baki ɗaya. Sauya bugu ba ya ƙara wa tsara kwana. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, ma'aji gigabait 64, da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sa'an nan a jerin na'urorin Intel ba ta karɓar mafi yawan waɗanda suka girmi tsara ta takwas, wadda ta soma fitowa a 2017. Don haka kafin shugaban makaranta ya sa hannu a sayi makullin Pro, ya fara bincika ko na'urar za ta iya hawa Windows 11. In za ta iya, lasisin Pro zai bi ta can. In ba za ta iya ba, ya fi kyau a adana kuɗin, a duba manhajojin kyauta na dangin Linux, kamar Ubuntu da ta fito tun 2004. Wannan ƙaura kam tana bukatar sabuwar girkawa sau ɗaya, kuma dole a fara tabbatar da cewa manhajar gwajin jarrabawar da makaranta ke amfani da ita za ta yi aiki a can. Bayan haka, wanda ya ga Ubuntu ta yi wa tsohuwar na'urarsa nauyi, yana iya ɗora mata fuskar Xubuntu ko ta Lubuntu da umarni guda, ba makulli, ba kuɗin lasisi, takardunsa kuma suna nan yadda ya bar su.